Rawar Ido da Gani Biyu-Biyu: Abin da Ya Kamata Kowa Ya Sani

Jama'a, kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi, ƙwaƙwalwa kuwa ita ke aiko musu umarni ta jijiyoyi domin idanu biyun su tafi tare. Jijiyoyin nan suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Akwai wata cuta da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, wadda a cikinta garkuwar jiki ke cinye wannan riga, sai umarni ya riƙa isa a makare. Likita Sharko na birnin Faris ya yi cikakken bayaninta a 1868.

Alamomi

Mutum yakan ga abu ɗaya ya zama biyu. Idan ya waiwaya gefe, ido ɗaya ya kasa matsowa wajen hanci, ɗayan kuma ya yi ta karkarwa. Wani yakan ga duniya tana girgiza. Wannan dabam yake da harara-garken da akan tashi da shi tun yarinta.

Cutar ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun fi maza. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Ba ta da yawa a ƙasarmu, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Amma ciwon sukari, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki su ma suna kawo gani biyu-biyu, saboda haka tilas a bincika.

Zafi yana tsananta alamominta. Mutanen Machina, Nguru da Gashuwa, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, su lura: ganin mai cutar kan dagule da rana tsaka, ya gyaru in jiki ya huce. Kada wannan sauƙi ya ruɗe ku.

Abin yi

A garzaya Asibitin Tarayya na Nguru. In da bukata, za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin hoton ƙwaƙwalwa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kafin nan a rufe ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta, a bar tuƙin mota da babur. Kada a ɗiga maganin kasuwa, domin tushen ciwon yana ƙwaƙwalwa.

Ba a sami maganin da ke warkar da ita ɗungum ba, amma akwai magungunan da ke gajarta tashinta, da masu rage dawowarta. Lalle wanda ya je da wuri shi ya fi cin moriyarsu.