Rage Wutar Injunan Iska Don Jinkirta Sabunta Wayoyi

Wayoyin lantarki da taransifoma suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. In aka ɗora musu fiye da ƙima, sai su yi zafi su lalace. Tun asali an shimfiɗa su ne don kai wuta daga babbar tasha zuwa gidaje. Yanzu kuwa manoma da ƙauyuka suna kafa injunan iska da allunan hasken rana, suna tura tasu wutar cikin waɗannan wayoyi. Cunkoso ba kullum yake aukuwa ba, sai lokacin da iska ta yi ƙarfi alhali masu amfani da wuta kaɗan ne. To, maimakon a kashe maƙudan kuɗi wajen sauya waya saboda 'yan sa'o'in nan, ana iya umurtar injunan su rage aiki har cunkoson ya wuce.

An gwada wannan dabara a tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan. Wayoyi biyu na ƙarƙashin teku, watau ta 1982 da ta 1998, su ne suka haɗa tsibiran da babban yankin ƙasar a lokacin. A 2009 kamfanin rarraba wuta ya kafa na'urori masu auna nauyin da ke kan waya, su kuma aika wa injuna umurni nan take. Aikin ya ci wajen fam 500,000, alhali an ƙiyasta sabunta wayoyin a kan fam miliyan 30. Sababbin injuna na fiye da megawat 20 suka sami shiga.

Amma fa akwai wanda ya ɗauki asarar. Ƙa'idar ita ce, wanda ya shigo ƙarshe shi ake fara rage wa, kuma ba a biyansa diyya. Wasu injunan na ƙungiyoyin ƙauye ne waɗanda suka ci bashi suka kafa, sai ga injin a tsaye ranar da iska ta fi kaɗawa. Kafin 2012 ta ƙare wayoyin sun sake cika, aka dakatar da karɓar sababbi. Sai a 2023 hukuma ta amince da sabuwar waya mai ɗaukar megawat 220.

Jamus ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta 2016 ta yarje wa kamfanoni su tsara wayoyinsu bisa rage kashi 3 cikin 100 na wutar da injin iska ko na rana zai bayar a shekara, tare da biyan mai injin diyyar abin da aka hana shi sayarwa.