Raspberry Pi 5 da injin ruwan gida: inda sabon faranti ya ƙi tsohuwar manhaja

A Zuru, kamar sauran garuruwanmu, mai rijiyar burtsatse ya san wahalar gadin tanki: a kawo wuta da tsakar dare ba a kunna inji ba, ko a kunna a manta har ruwa ya malale tsakar gida. Irin wannan aikin ne ya sa matasa masu ƙirƙira, har da ɗaliban manyan makarantu irin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, za su so sanin Raspberry Pi. Kwamfuta ce sukutum a kan faranti guda mai girman katin ATM, wadda ta fito daga Ingila a 2012 a kan dala 35. A gefenta akwai 'yan allurai, 40 a samfuran yanzu, inda ake jona makunnin inji da na'urar auna ruwa.

A watan Oktoban 2023 Raspberry Pi 5 ta shiga kasuwa, ta ninka Pi 4 da ta gabace ta sauri. Sai dai masu ɗokin saye da yawa sun sha mamaki. Tsohon katin ajiya da ke ɗauke da babbar manhajar Bullseye ya ƙi tashi, sai sabuwa ta lokacin, wadda ake kira Bookworm. Wanda ya wuce wannan kuma ya tarar shirin da ya rubuta da RPi.GPIO, manhajar sarrafa allurai da dubban darussa a intanet suka koyar da ita, ya daina kunna ko da ƙwan fitila.

Dalilin yana cikin ginin farantin. A da, babbar ƙwaƙwalwar ce ke riƙe da allurai da kanta, RPi.GPIO kuma kai tsaye take zuwa wurinta, kamar ɗan gida da ya saba shiga ba sallama. A sabon samfurin an miƙa allurai ga wata ƙaramar na'ura mai suna RP1. Ɗan gida ya zo ya iske an toshe ƙofar da ya sani. Mafita ita ce a koma ga wata manhajar mai suna gpiozero, ko a ɗora rpi-lgpio wadda ke karɓar tsofaffin umarni ta bi da su ta sabuwar hanya.

Ita ma Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, sai a Fabrairun 2024 tsarinta ya karɓi sabon farantin a hukumance.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Pi 5 tana son caja mai wat 27, kuma in aiki ya yi yawa tana buƙatar fanka, balle a zafin bazara. Gidan da ke lallaɓa batirin sola ɗaya zai ji a jikinsa. Ga kuma data: kowane gyara sai an sauke sabuwar manhaja, da kuɗin da ba a sa a lissafi ba.

A ganina, mai son kunna injin ruwa da kashe shi bai da dalilin bin sabon yayi. Pi 4 ta ishe shi, kai ko ɗan ƙaramin farantin ESP32 ma, wanda bai kai ta tsada ko cin wuta ba, zai ji tanki ya cika ya yanke wutar inji. Wanda kuwa aikinsa ya haɗa da kyamarorin tsaro, inda saurin Pi 5 ke da rana, ya fara rubuta sunayen manhajojin da zai dogara da su, ya duba shafin kowace ya ga ko ta ambaci Pi 5, kafin ya tura kuɗi Kano ko Legas.