Hanyar Gaya da Ajingi: Zumunci da Buɗe Ido

Kowace Sallah, ko kuwa idan kaka ta yi amfanin gona ya iso gida, akan ga mutanen da asalinsu na gabashin Kano ne, waɗanda fatauci ko aikin gwamnati ya tsare a birni, sun ɗora iyali da tsaraba a mota sun nufi Gaya ko Ajingi don gaida iyaye da dangi. Al'ada ce abar yabo, domin malamanmu sun karantar da mu cewa sadar da zumunci yana jawo yalwar arziki da albarkar rayuwa. Sai dai galibin masu tafiyar, tun da Allah ya kawo kwalta da mota mai gudu, sun mai da ita tsere: a fita da hantsi a komo kafin magariba, ba a ga ƙasa ba, ba a kuma zauna da mutanenta ba.

Alhali kuwa wanda ya sassauta, tun daga gadar Wudil zai soma cin ribar tafiyarsa. Ruwan da ke gudana ƙarƙashinta na kogin Kano ne da na Challawa, waɗanda suka haɗu kafin su iso nan, daga nan kuma su nausa Haɗeja da fadamun Nguru, suna neman tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 kogin ya rage haukan da yakan yi da damina, ya kuma daina ƙafewa ƙaf da rani. Saboda haka mai tsayawa a gefen gada zai hangi masunta cikin kwalekwale, da masu ɗiban yashi, da lambunan albasa da tumatir kore shar a gaɓa, ko da kuwa dajin da ke bayansu ya bushe ƙamas. Idan ranar Juma'a ce, to, sai haƙuri, domin kasuwar shanu tana ci, manyan motoci sun cika hanya maƙil.

Da an wuce Wudil ƙasa takan buɗe, ido ya yi ta tafiya cikin gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga kuka da tsamiya da ɗorawa jefi-jefi. Ya kamata uba ya nuna wa 'ya'yansa gawo, itacen da ya saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, sa'ad da kowane itace ke tinƙaho da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A cikin wannan akwai aya ga mai tafakkuri cikin hikimar Mahalicci.

Gaya kuwa, ko da yake mai wucewa a guje ba zai ga kome ba sai tasha da masu tallar rake, gari ne wanda tarihin Kano ba ya cika sai da shi. Riwayar magabata ta ce maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka je Dutsen Dala neman tama suka zauna, har aka ce sunan birnin ma daga sunan shugabansu Kano aka samo shi. Haka nan a ƙissar Bayajidda, a Gaya ne maƙera suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Masana suna da saɓani game da waɗannan riwayoyi, amma duka biyun sun yi ittifaƙi kan abu guda, wato garin matattarar ƙira ne tun fil'azal. Littafin Tarihin Kano kuma ya ambaci wani Sarkin Gaya, Farin Dutse, wanda ya yi wa Sarkin Kano Dadi tawaye ya hana haraji har aka yi masa dabara aka kashe shi. A zamaninmu an ɗaukaka Gaya ta zama masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake maido ta a 2024 ɗin da daraja ta biyu, tana riƙe da Gaya da Ajingi da Albasu.

Amma zuciyar tafiyar tana ƙauye, can wajen Kademi ko Toranke ko Balare, inda mota za ta tsaya a ƙofar zaure yara su yanyame ta. Ka yi sallama ka tuɓe takalmi, ka durƙusa gaban gwaggo, ita kuwa tana shimfiɗa tabarma tana cewa, “Lale marhabin da mutanen birni! Ashe kun tuna da mu, ɗan nan?” Kafin ka gama tambayar gida da gona an kawo ruwan randa cikin moɗa, fura da nono na biye. Kai ka miƙa goro da sukari da sabulu da turmin atamfa. Su kuwa, waɗanda ka ɗauka kai ne mai taimakonsu, sai su cika maka bayan mota da gero da wake da daddawa da ƙwan zabi, har da zakara ɗaure da ƙafa. A ganina wanda ya sha furar nan a tsaye yana duban agogo ya zo ne kawai, bai yi zumunci ba. Labarin wanda ya rasu, da gonar gado, da yarinyar da za a aurar, ba ya fitowa sai bayan sallar isha'i, an baje a tsakar gida.

Mai sauran ƙarfi, washegari sai ya zarce Dutse, babban birnin Jihar Jigawa tun 1991, ya ga duwatsun da suka hau kan juna da dabinon da ke tsakaninsu. Ya kuma tuna cewa a mazhabar Malikiyya ƙasaru ba ta halatta sai tafiya ta kai mil 48, wanda Gaya ba ta kai ba daga Kano, Dutse kuwa ta haura.

Saboda haka, mai karatu, idan ka yi niyyar zuwa bana, ka zaɓi kaka bayan an ɗaure dammunan gero, ka kauce wa Juma'a, ka tafi da yara, ka kuma shirya kwana.