Kwana Biyu a Haɗeja: Bashin Ruwan da ke Kan Kano

Shekara 11 ke nan ina zama a ofis ɗaya da wani abokin aikina ɗan Haɗeja, amma sau ɗaya tak na taɓa taka garinsu, shi ma ta'aziyyar mahaifinsa ce ta kai ni. Mun isa da hantsi, mun yi addu'a, kafin La'asar mun juyo. Wanda ya je gari irin wannan zuwan bai ga garin ba, tabarmar makoki kawai ya gani. A tsawon waɗannan shekaru, duk lokacin da gardama ta haɗa mu sai ya rufe ta da cewa, “Ku Kanawa ai kun shanye mana ruwa.” Ni kuwa na ɗauki maganar barkwanci, na yi dariya na wuce. Sai a kakar bana, da ya matsa mini lamba muka je ƙarshen mako, na gane cewa ƙara yake shigarwa, ni ne ban saurara ba.

Mun tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin kunya, Titin Haɗeja na cikin Kano na bi shi ya fi a ƙirga, amma a zuciyata iyakarsa Yankaba. Daga Gezawa gari ya buɗe. An girbe gero, dawa ta sunkuya, an jingine dammunan riɗi a gonaki suna shan iska. Muka ratsa Gujungu, muka wuce Malam Madori inda layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ya gitta, muka shiga Haɗeja gab da Magariba bayan tafiyar kusan awa uku.

Da na durƙusa gaida mahaifiyarsa, sai ta dube ni ta ce, “Wannan karon dai ba makoki ya kawo ka ba, ɗana. Haka ake so.” Na ce, “Inna, a yi mini afuwa.” Ta ce afuwar tana cikin kwano, sai na cinye. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi. A wannan daren abokina ya zagaya da ni ƙofar fada, ya nuna mini wuraren da aka gwabza da sojojin Turawa a watan Afrilun 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Na san labarin a takarda, amma a bakin mutanen garin sai ka ce jiya aka yi.

Washegari da sassafe muka nufi wani ƙauye a cikin fadama, gabas da gari, wurin baffansa, dattijon da ya haɗa su da noma tun yana yaro. Ya saka mu a kwalekwale. Ba mu yi nisa ba hanya ta ƙare. Wata ciyawa mai dogon ganye, wadda ta fi tsawon mutum, ta tsaya gabanmu kamar katanga, dama da hagu har iyakar ganin ido. Ita ce kacala. Dattijon ya nuna tsakiyarta da sandar tuƙi ya ce, “Malam, nan gonar shinkafar babanmu take. Can kuma hanyar jirgi ce zuwa kasuwa.” Na ce, “Baba, yaushe ta cinye wurin?” Ya ce, “Tun da ruwa ya daina tafiya ya daina dawowa. Da can yana da lokacin zuwa, yana da lokacin komawa. Yanzu ya zo ya zauna.”

A cikin wannan gajeriyar amsa dattijon ya tattara abin da masana suka cika littattafai da shi. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara gabas ya haɗu da na Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda yake bin iyakar Nijeriya da Nijar ta yankin Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi. Kafin a yi madatsun ruwa, kogin yakan cika ya malala cikin fadama da damina, manomi ya shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa a cikin ambaliyar. Idan ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin rani a kan danshin da ya bari, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa, rijiyoyi su cika. Fili ɗaya yana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa a yankin Ƙaraye. Daga nan tsarin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu saboda ana tare ta, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, don haka magudanan da suka saba bushewa suka daina bushewa. Kacala kuwa ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogin ya rasa hanyarsa ta asali. Mafi yawan ruwan ya karkata ta magudanar Marma zuwa wajen Nguru yana cinye gonaki, wasu rassan kuma suka ƙafe, masu gonaki a bakinsu suna kallon sama. A cikin kacalar ne kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su wayi gari a kan ɗan abin da manomi ya samu. A shekarar da ruwan sama ya yi yawa, kamar 2022, kogin da aka toshe wa hanya sai ya nemi wata ta cikin gidajen mutane.

Ba ina cewa gina madatsun kuskure ne ba. Duk wanda ya ga tumatirin Kadawa da shinkafar Kura ya san abin da Tiga ta yi wa dubban iyalai. Ruwan famfon Kano, a ranar da ya zo, daga waɗannan koguna ake ɗebo shi. Ita kanta ƙasar Haɗeja tana cin moriyar aikin noman rani na wajen Auyo. Abin da nake cewa shi ne, an yi lissafin ribar a sama, an bar asarar a ƙasa ba tare da an rubuta ta a littafin kowa ba. Mai shan ruwa a Kano bai san sunan ƙauyen da ya rasa gonarsa ba, shi kuwa mai gonar ya san sunan Tiga sarai.

Gyara ba gagara ba ne. Ana iya tsara sakin ruwa ta yadda zai kwaikwayi tsohuwar al'adar kogin, a sake shi da yawa a lokacin da fadama take bukata, a rage shi a wani lokaci domin magudanai su bushe kacala ta ji jiki. Yashe hanyoyin ruwa ya kamata ya zama aikin kowace shekara mai kasonsa a kasafi, maimakon abin da ake tunawa da shi bayan gidaje sun rushe. Mutanen ƙauyukan sun daɗe suna yin gayya da lauje da adda suna sare ciyawar, amma hannu ba zai iya da abin da ke bukatar inji ba. Sannan duk zaman da za a yi kan rabon wannan ruwa, tsakanin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da jihohin da kogin ya ratsa, ya dace a ga masunci da makiyayi a zaune, ba wakilin wakilinsu ba. Tun shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Bai kamata tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su fi mu sanin darajar wurin ba.

Mu ma da muke kiran kanmu 'yan boko muna da namu laifin. Mun mayar da garuruwan abokanmu wuraren ta'aziyya da ɗaurin aure. Na san tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, na kuma san akwai hanyoyin da hankali ba zai bari a bi ba. Amma inda hanya take lafiya, mutum huɗu suna iya haɗa kuɗin mota ɗaya. Ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da ɗan Gashuwa ko ɗan Argungu, ya bi shi gida ko sau ɗaya kafin su rabu. Gobe shi ne zai zauna a kujerar da ake sa hannu a kan takardar da ta shafi garin, kuma hannu yakan yi nauyi idan ido ya taɓa gani.

Ranar Lahadi muka juyo, Inna ta cika mana bayan mota da busasshen kifi, muka kutsa ta cikin cinkoson kasuwar Gujungu da ƙyar. Da muka shigo Yankaba abokina ya dube ni yana murmushi ya ce, “To, Malam, wa ya shanye ruwan?” Wannan karon ban yi dariya ba. Na ce masa mu ne, kuma ba mu ko ce an gode ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin na sama da na ƙasa, mu kuma ya ba mu ƙafar zumunci.