Kwat Ɗin da Ta Kai Ma'aikaci Kotu

Shirinmu na yau kan alfarmar da ma'aikaci ke samu a wurin aiki ne, irin su mota da gida da abinci, da yadda hukuma ke lissafa musu haraji.

Amma bari mu fara leƙawa Ingila, don akwai wata shari'a da ta ba ni dariya. Wani kamfani ne ya ce zai yi wa ma'aikatansa kyautar Kirsimeti: kowa ya je wurin tela ya zaɓi kaya, kamfani zai biya. Wani bawan Allah mai suna Rogerson ya zaɓi kwat ta fam 14 da sule 15. Ya sa abarsa yana murna, sai ga masu haraji, suka ce kwat ɗin nan albashi ce, sai ya biya haraji a kan fam 14 da sule 15 ɗin cif. Ya ce bai yarda ba. Magana dai har Kotun Ɗaukaka Ƙara, wajen shekarar 1960.

Ku ji hukuncin. Alƙalai suka ce e, albashi ce. To amma nawa za ta yi in ya kai ta kasuwa yau? Fam 5. Farashin gwanjo ke nan. Kwat sabuwa fil, amma da zarar ta bar hannun tela ta zama gwanjo, don haka a kan fam 5 kaɗai za a caje shi. Fam 5, jama'a, daga kusan 15!

Mu dawo gida Najeriya. Nan doka ba ta bar ƙofar wannan ciniki ba. In kamfani ya sayi mota ya ba ka kana hawa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayenta ake ɗorawa a kan albashinka duk shekara. Motar naira miliyan 20, alal misali, kamar an ƙara maka miliyan 1 ne, ko da ba ka ga ƙwandala a hannu ba. Na maimaita, kashi 5 cikin 100 na kuɗin saye, ba abin da dillali zai taya ba. In kuwa hayarta aka ɗauko, kuɗin hayar ake lissafawa.

Gida ma haka, ana duba darajar hayarsa ta shekara, sai dai sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ce lissafin ba zai wuce kashi 20 cikin 100 na albashin mutum ba. Abincin kantin ma'aikata da kowa ke ci, da yunifom, da kayan kariya, waɗannan babu ruwan haraji da su.

Lokaci na harararmu. A gurguje, mai ɗaukar aiki shi ke cire harajin, ya miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye ya wuce, sannan ya kai bayanin shekara zuwa 31 ga Janairu.

Don haka ma'aikaci, ƙarshen watan nan ka karɓi takardar albashinka ka duba. In kana hawan motar ofis amma ba ka gan ta a lissafi ba, ka tambayi akanta tun kafin hukuma ta tambaye ku. Mu kwana lafiya.