Ko Ka San Katafilar da Ba ta Nutsewa?

Ko ka sani, ya kai mai karatu, akwai wata irin katafila wadda nauyinta kan kai tan 30, ƙarfe ce tun daga sama har ƙasa, amma idan aka kora ta cikin taɓon da zai haɗiye sa har ƙaho sai ta bi ta kansa tana tafiyarta, idan kuwa ta isa inda ruwa ya yi zurfi sai ta taso sama ta yi iyo? Mu mutanen ƙasar Gumel, daga Gagarawa Tasha zuwa Sule Tankarkar da Maigatari, da yake Allah ya zaunar da mu a kan tudu da rairayi inda babu wani babban kogi da ya ratsa, muna iya ɗaukar wannan zance kamar bai shafe mu ba. Alhali kuwa shinkafar da muke ci, da bandar kifin da ake kasawa a kasuwanninmu, da tattasai da albasar rani, da yawa daga cikinsu daga fadamar Haɗeja suke zuwa, kuma layin dogon da ya ratsa ƙasarmu, wanda aka kai Nguru a 1930, a Ringim ya baro gefen Kogin Haɗeja, a Nguru kuma ya sake tarar da ruwansa. Saboda haka duk shekarar da kogin ya yi ɓarna, mu ma sai mun ji a kwanon awo.

Daga ƙugunta zuwa sama, wannan na'ura ba ta da wani bambanci da katafilar da ake haƙa kwalbati da ita: ga ɗakin direba, ga injin mai shan man gas, ga dogon hannu mai gaɓoɓi da cokali a ƙarshensa, sai dai galibi akan ƙara wa hannun tsawo don ya kai nesa. Hikimar duk tana ƙasa. A maimakon ƙafafun sarƙa irin na sauran, an ɗora ta ne a kan wasu dogayen tankuna guda biyu na ƙarfe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda babu kome a cikinsu face iska, aka kuma like su yadda ko ɗigon ruwa ba ya shiga. Sa'an nan aka raba cikin kowane tanki ɗaki-ɗaki, domin ko da wani kututture ya huda gefe guda, ruwan ya tsaya a wannan ɗakin kaɗai, sauran su ci gaba da ɗauke da ita. Sarƙar tafiya kuwa tana kewaye tankin ne, an jera mata faffaɗan ƙarafa a gicciye, waɗanda a taɓo su ne ke kama ƙasa, a ruwa kuma su ne ke tura ruwan baya ta matsa gaba sannu a hankali. An fara ƙera motoci masu wannan ɗabi'a ne a fadamun Luwiziyana ta ƙasar Amurka, saboda masu neman man fetur da masu shimfiɗa bututunsa, waɗanda ƙasar ta ƙi ɗaukar motarsu, ruwan kuma ya ƙi ɗaukar jirginsu.

To, ta yaya ƙarfe zai ƙi nutsewa? Jawabin wannan mas'ala tsoho ne ƙwarai, domin wani masani na ƙasar Yunan mai suna Arshimidas ya bayyana shi tun a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma malaman Musulmi irin su Albiruni da Alkhazini sun yi aiki da shi wajen auna nauyin ma'adinai da duwatsu masu daraja. Ƙa'idar ita ce, duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Lita 1,000 ta ruwa, wato duro 5 na lita 200, nauyinta tan 1 ne. Ke nan, idan na'urar tana da tan 30, muddin tankunanta suna da girman da za su kawar da ruwan da ya kai duro 150 kafin su ɓace a ƙarƙashinsa, to ba za ta nutse ba ko da kogin ya kai zurfin rijiya. Abin lura dai shi ne nauyin abu idan an gwada shi da girman wurin da ya cika. Da wannan lissafi ne manyan jiragen ruwa suke ɗaukar dubban alhazai da kaya su ƙetare teku.

Batun taɓo kuma wata ƙa'ida ce dabam, wadda duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya gan ta da idonsa ko bai lura ba. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a cikin rairayi jakin ne ke lumewa, saboda kofatonsa ƙarami ne, nauyinsa duka ya taru a ɗan wuri, shi kuwa raƙumi tafin ƙafarsa faffaɗa ne, yana baza nauyin. Haka tankunan nan suke baza tan 30 a kan fili mai faɗi, har ya zama abin da kowane taƙi na ƙasa yake ɗauka bai kai abin da tafin ƙafar mutum yake ɗora masa ba. Shi ya sa direban zai iya saukowa ya lume har gwiwa a wurin da motarsa take tsaye lafiya lau.

Ƙarfin hannunta kuwa daga mai yake. Injin yana juya famfo, famfon yana matsa wani mai na musamman cikin bututai zuwa wasu silindoji da ke jikin kowace gaɓa, kuma da yake mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna shi da shi a wani gefe sai ya isa ɗaya gefen. Idan bakin da ya karɓa ya ninka na farko girman fili sau 10, ƙarfin ma sai ya ninka sau 10, kamar yadda Faskal, mutumin Faransa, ya tabbatar a ƙarni na 17. Direban ba ya ɗaga kome da ƙarfinsa, iyakarsa buɗe wa mai hanya da rufewa.

Amma me ya kawo irin wannan na'ura Jihar Jigawa? A nan ne labarin ya fi bukatar natsuwa, domin mutane da yawa suna zaton ambaliyar Haɗeja yawan ruwan sama ne kawai, alhali akwai wata illa da ta daɗe tana cin kogin daga ciki. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja, ya shiga wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya inda tsofaffin jigayi suka rarraba shi rassa-rassa, kafin ya gamu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi ta Gashuwa da Gaidam. A zamanin da, kogin nan kan cika da damina, ya malala cikin fadama, manoma su samu shinkafa, masunta su samu kifi, makiyaya su samu ciyawa. Da rani kuma sai ya ƙafe ya zama yashi, duk wani tsiron da ya kafu a cikinsa rana ta ƙone shi, ruwan farko ya share ragowar. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma gama ta Calawa a 1992, sai wannan tsari ya sauya. Babu mai musun alherin madatsun, ga noman rani a Kadawa da Kura, ga ruwan sha ga birnin Kano. Sai dai ruwan da ake saki a hankali shekara duka ya sa kogin ya daina bushewa, ya kuma rage irin ƙarfin da yake wanke kansa da shi, kuma wannan hali na ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa, shi ne ainihin abin da kacala take so.

Kacala ciyawa ce mai wuce tsawon mutum, tana yaɗuwa ta hanya biyu: ta iri, wanda zangarniya guda kan ɗauki dubun dubatarsa iska ta watsa, da kuma ta saiwa, wadda ke rarrafe a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai. Inda ta kafu sai gudun ruwa ya ragu, inda gudu ya ragu sai yashi da laka su kwanta, inda suka kwanta sai kogin ya ƙara rashin zurfi, kacalar ta ƙara samun wurin zama. Haka abin yake juyawa shekara bayan shekara har wasu rassan suka toshe, ruwa ya riƙa karkata zuwa reshen Marma da Tafkin Nguru fiye da kima, wasu garuruwa suna kuka da ambaliya, wasu kuma a can ƙasa suna kuka da rashin ruwa. Bayan wannan, a cikinta ne tsuntsayen jan baki suke kwana su wayi gari a kan gero da shinkafa, a cikinta sauro yake hayayyafa, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Idan damina ta yi ƙarfi, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan ya taho ya tarar da hanyarsa a cushe, ina zai bi in ba gonaki da gidaje ba?

Abin da mutanen Haɗeja suka yi a daminar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, ya cancanci a rubuta shi. Garin da a 1906 ya tari sojojin Turawa a bayan ganuwarsa, sai ga shi ya fito da shebur da buhu: matasa suna ɗura ƙasa suna jerawa a kan jinga dare da rana, masu hali suna kawo buhuna da motocin yashi, mata suna dafa abinci, wasu kuma suna kwana suna zagayawa da fitila don kada wani wuri ya ɓalle ba a sani ba. Wannan shi ne gayya a kan asalinta, kuma a ma'aunin malamai ya shiga babin farali na kifaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi. Su ma ƙauyukan fadama sun daɗe suna shiga ruwa da adda da lauje suna saran kacala, kuma sun gano da gwaji abin da masana suka tabbatar, cewa idan aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, aka maimaita, saiwar takan shaƙe ta mutu, domin ta ganyen ne take samun iska.

Sai dai hannu yana da iyaka. Mutum zai iya sare ganye, amma ba zai iya tumɓuke saiwar da ta saƙa kanta cikin laka ba, balle ya kwashe yashin shekaru arba'in daga tsakiyar kogi. Katafila ta tudu kuma ba ta isa ta shiga wurin ba. Wannan giɓi ne na'urar ta zo ta cike, kuma saboda shi ne gwamnatin Jihar Jigawa ta sayo irinta ta sa a aikin yashe kogin. Cokalinta yana ɗebo kacala da saiwarta da lakar da ke riƙe da ita gaba ɗaya, ya juya ya zube a gaɓa, ta yadda aiki guda yake haifar da amfani biyu, cikin kogi ya ƙara zurfi, bakin kogi ya ƙara tudu.

Kada kuma a ɗauke ta a matsayin maganin kowace cuta, domin tana da nata rauni. Ta fi aiki inda sarƙarta ke taɓa ƙasa. Idan tana iyo ta miƙa hannu gefe da cokali cike, tana iya kifewa, sai an kafa mata wasu dogayen turaku na ƙarfe har ƙasan ruwa, ko an ƙara mata tankuna a gefe. Tafiyarta a hankali ce, kai ta wuri mai nisa sai a kan tirela, yashi yana cin sarƙarta, man da take sha ba kaɗan ba ne, kuma ƙaramin bututun mai idan ya fashe aka rasa madadinsa, sai ta yi watanni a tsaye a bakin kogi tana tsatsa. Mafi muhimmanci, ba ta kashe kacala har abada; inda ta buɗe bana, idan aka yi sakaci, iri zai sake sauka, a cikin 'yan shekaru a koma gidan jiya. Saboda haka a ganina rabon aikin a fili yake: na'ura ta buɗe hanya, mutanen kowane gari kuma su riƙe ɓangaren da ke gabansu da sara da lura.

Akwai kuma wata mas'ala da ba ta injiniya ba ce kaɗai. Ruwan da jinga ta hana shiga wani gari ba ɓacewa yake yi ba, gaba yake yi ko ya ƙetara ɗaya gaɓar, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da zartar da cewa ba ya halatta mutum ya kawar da cuta daga kansa ta hanyar ɗora wa maƙwabcinsa irinta. Idan aka yashe sama aka bar ƙasa a toshe, an tura wa mutanen Guri da Nguru abin da aka ɗauke wa Auyo ne kawai. Don haka wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, da masarautun da kogin ya ratsa, su tsara aikin tare tun daga Wudil har Gashuwa, a kuma riƙa sanar da mutanen ƙasan kogin da wuri a duk lokacin da madatsun suka kusa cika.

Kiran da zan yi ga masu iko shi ne a shigar da na'urorin nan cikin kogi tun daga watan Janairu, lokacin da ruwa ya ja baya, kada a jira watan Agusta sa'ad da jinga take rawa. A ajiye kayan gyaransu a Haɗeja, a kuma ɗauki samarinmu na Jigawa, har da na nan ƙasar Gumel, a koya musu tuƙa su da gyara su.