Darasin da ɗiyan fok ke ba makiyayi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, labarinmu na wannan karo ya fito daga bakin teku. Akwai wata dabba da Faransawa ke kira fok. Ta ɗan yi kama da ayu na kogin Kwara, amma ita kifi take ci, kuma tana fitowa tudu ta haihu, ta shayar da ɗanta nono. A Afirka ma akwai wani irinta, a gaɓar Muritaniya kusa da garin Nuwadibu. Masu ilimi sun daɗe suna tambaya: mi ya sa wani ɗan fok ke rayuwa, wani kuwa ya mutu, alhali wuri ɗaya aka haife su?

Gado biyu cikin jiki ɗaya

Cikin jikin kowace dabba akwai ƙananan ƙwayoyin gado waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa ɗan akuya ya ɗauko jar gashin uwarsa ko girman ubansa. Biyu-biyu suke: ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar takan zo da lahani. In abokiyarta lafiyayya ce, sai ta rufe mata asiri, dabbar ta tashi lafiya lau. Amma in uba da uwa jini ɗaya ne, sau da yawa lahani iri ɗaya suke ɗauke da shi. Sai ɗan ya gaji guda biyu, ba mai rufe wa wata. Nan ne rauni ke bayyana. Haka kuma jikin da ya gaji ƙwayoyi iri-iri ya fi gane cututtuka da yawa, ya yaƙe su.

Abin da aka gani

A tsibirin Sabul na ƙasar Kanada, masu bincike sun auna ɗiyan fok ranar haihuwa, sun duba ƙwayoyin gadonsu, sun bi su har yaye. Uwar fok ba ta daɗewa tana shayarwa, ƙasa da wata ɗaya ne. Ɗan da bai yi kitse ba cikin waɗannan kwanaki, da wuya ya jure sanyin teku. A 1998 aka bayyana sakamako: ɗiyan da gadonsu na uba da na uwa suka yi nisa da juna sun fi nauyi ranar haihuwa, kuma sun fi kai wa yaye da rai.

A gaɓar ƙasar Holand, babban abokin gaban ƙananan fok shi ne tsutsar huhu, wadda ke toshe numfashi. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa waɗanda ƙwayoyin gadonsu ba su bambanta ba sosai, su tsutsar ta fi kamawa.

Garken da ya kusa ƙarewa

Akwai wani babban iri, ana ce masa fok mai hancin giwa, a tekun Meksika da Kaliforniya ta Amurka. Namijin yakan kai kilo 2000. Cikin shekarun 1800 mafarauta sun yi ta kashe su don man da ke cikin kitsensu, har aka ɗauka sun ƙare. Wajen 1892, ƴan kaɗan suka rage a tsibirin Gwadalupe, ba su kai 100 ba. A 1922 gwamnatin Meksika ta hana kashe su. Suka hayayyafa, yau sun haura dubu 200.

To, amma yawa ba ya maido gadon da ya ɓace. A 1974 aka duba jinin fok 159 na wannan iri, aka binciki ƙwayoyin gado a gurbi 24. Ko a gurbi ɗaya ba a samu bambanci tsakaninsu ba, domin dukkansu jikokin ƴan tsirarun nan ne. Wani abu ya ƙara matse hanyar: wajen wannan dabba, ƙaton namiji ɗaya yakan kori sauran maza, ya tare mata 50 ko fiye shi kaɗai. Ke nan ɗiyan shekara da yawa ubansu ɗaya. Garke irin wannan yana iya yin yawa muddin zamani na da kyau. Tsoron shi ne ranar da baƙuwar cuta ta zo, ta tarar da kowa da makami iri ɗaya.

Mu koma garkenmu

Dokar gado ɗaya ce ga fok da akuya da tunkiya da saniya. Wanda ya bar bunsuru ɗaya cikin garke shekara da shekaru, bunsurun zai barbari ɗiyansa mata, har da jikokinsa. Sannu a hankali sai a ga ƴan awaki na zuwa ƙanana, ba ƙarfin tsotso, zawo kaɗan ya kada su, nono ya ragu. Yunwa da tsutsa ma suna kawo haka, shi ya sa makiyayi ba ya saurin gane inda ɓarnar ta fito.

Ga abin da ya kamata a yi. Kada a bar uba ya hau ɗiyarsa, ko ɗa ya hau uwarsa. Akuya takan isa barbara tun kafin ta cika shekara, don haka a sauya bunsuru da rago kafin ɗiyansu mata su isa. A yi musaya da makiyayin wani gari mai nisa, wanda garkensa ba shi da dangantaka da naka. Mai jar akuyar Maraɗi ya nemo jan bunsuru, mai shanun Azawak ya nemo bijimin Azawak: iri bai ɓace ba, jini kuwa ya sabunta. Mazan da ba a so su yi barbara, a dandaƙe su da wuri. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su buɗe ɗan littafi, su rubuta uban kowane ɗa da shekarar haihuwarsa. Kafin a shigo da baƙon namiji cikin garke, a kai shi ma'aikacin kiyo ya duba lafiyarsa.